Ƙugiyar da ba ta kwana cikin toka ba

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna jiran in like muku ƙafar moto, na ji abin da kuke faɗi. Wai aikin ƙarfe ba wani abu ba ne, baƙin tabarau ne da tartsatsi, wata uku ya ishi mutum ya koya. Ban yi fushi ba, don ni ma na taɓa faɗin haka, da bakin da ya fi naku girma. Amma tunda kuna yawan tambaya me ya sa nake riƙe wa mutum kayansa kwana uku bayan na gama, har wasunku suna cewa Sha'aibu ya tsufa ya fara camfi, to ku matso in ba ku labarin ƙugiyoyi uku da na ƙera.

Aikin farko da maigidana Baba Illo ya ba ni a nan Tasawa shi ne tsince ƙarafa. Yakan zube mini tarin gwangwan a ƙasa, ya ce in ware mai taushi daga mai tauri, kuma bai yarda in tambaye shi ba. Sai in ɗauka in buga a uwar maƙera in saurara, ko in goga magagari in ga ko zai ci. Shekara guda ina wannan da jan zugazugi kafin ya bar ni in taɓa masaba. A nan na koyi abin da ya fi kome a sana'ar nan. Ƙarfe mai taushi, irin na gini, in kaya ya yi masa yawa yakan lanƙwasa, ka gani da idonka ka sauke. Mai tauri kuwa, irin resor ɗin mota, faifan ƙarfen nan da ke shanye mata girgizar hanya, ya fi shi ɗaukar nauyi nesa ba kusa ba, amma ba ya sallama kafin ya tafi. Baba Illo maƙeri ne tun kakanni, walda daga baya ya koye ta, shi ya sa yake haɗa biyun.

Bayan murhunsa akwai rabin duro cike da toka, wadda ba ta taɓa hucewa ba tsawon shekarun da na yi a hannunsa. Abu biyu ke shiga cikinta. Na farko baget, sandunan walda, waɗanda da damina yake sa su a gwangwani ya tura cikin tokar su kwana. Na biyu duk wani ƙarfe mai tauri da aka wanke da ruwan batir. Kun san mutanenmu da ido suke sayen ƙarfe: in abu ya fito daga wuta da baƙin ɓawonsa sai su ce tsoho ne, in yana walƙiya sai su ce na kanti ne. Don haka mukan tsoma shi cikin ruwan tsohon batir ya cinye ɓawon da tsatsar. To Baba Illo in ya tsamo ya ɗauraye, sai ya binne shi cikin tokar nan daga hantsi zuwa la'asar, da zafin da in ka tofa yawu zai yi cuu amma ƙarfen ba zai sake launi ba. Bayan nan ya rataya masa nauyi kwana uku kafin ya miƙa wa mai shi. Na tambaye shi dalili sau ba adadi, amsarsa ɗaya ce:

"Ƙarhe ya sha, sai ya yi zuhwa."

Iyakarta ke nan. Haka ya gani wurin wanda ya koya masa, bai san fiye da haka ba, bai kuma yi mini ƙaryar ya sani ba.

Wani amalanken jaki daga Maijirgi shi ya koya mini rabin darasin. Da damina ce, sandar da ke riƙe ƙafafunsa ta karye, maigida ba ya nan, na ɗebo baget daga kwalin da ya kwana a buɗe na like. Walda ta yi kyau har na tsaya ina kallonta. Kwana biyu bayan nan mai amalanken ya dawo a ƙafa, ya ce ya loda buhuna ya bar shi tsaye a ƙofar gida, jakin ma ba a ɗaura ba, sai kawai ya ji abu ya zube. Baba Illo ya dubi bakin karayar, ya dube ni, ya tambayi inda na ɗebo baget. Daga ranar na yarda da gwangwanin, don na gani. Amma binne ƙarfe bayan ruwan batir, ban taɓa ganin abin da rashinsa ya jawo ba, saboda bai taɓa bari a ƙi yi ba. Sai na ajiye shi a raina cikin jerin al'adun tsofaffi, tare da hana shara da dare.

Bayan rasuwarsa na buɗe nawa shagon, na yi shekaru ina bin ƙa'idarsa, rabi don girmamawa rabi don sabo. Sai aka yi shekarar da hatsi bai yi ba. Wanda rumbunsa ba kome ba ya gyara amalanke, ba ya sa ƙofar ƙarfe. Sai in yi kwana huɗu ban hura wuta ba, gawayi ya yi tsada, duron tokar ya huce, har kaza ta fara ƙwai a ciki. Ana cikin haka sai ga Nomau.

Nomau ɗan kawuna ne, taubashina, mahaƙin rijiya. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba tare da ya tsokane ni ba. Ya samu aiki a wani ƙauye bayan Kanan-Bakashe, rijiyarsu ta tsotse, za a ƙara mata zurfi, kuma rijiya ce mai fiye da gaba talatin. Yana son ƙugiya biyu, ɗaya ta aiki ɗaya ta ajiya, irin wadda ake ɗaurewa a bakin igiya, ita ke ɗaukar gugan yashi, ita ke ɗaukar mutum. Ya ce lalle su yi fari, don mutanen ƙauyen da kyar suka haɗa abin aikin, za su dubi kayansa ɗaya bayan ɗaya, kada in ba shi abin da zai yi kama da an tsinto a bola. Ya kuma ce motar kasuwa washegari da safe za ta tashi, in ban gama ba zai je wurin maƙerin gaske.

Na yanko resor ɗin wata tsohuwar motar daji, na ƙera ƙugiya uku, ta ukun don kaina. Na ba su tauri fiye da yadda ya kamata, don ina son in rufe bakin Nomau. Na tsoma su cikin ruwan batir suka kwana. Da safe suka fito fes, na ɗauraye, na dubi duron tokar mai sanyi, na dubi ɗan gawayin da ya rage mini, na ji ana kiran fasinjan Kanan-Bakashe. Na naɗe biyu a tsumma na miƙa masa. Ya juya su a rana, ya ce ashe dai akwai ranar da makaho ke tsintar allura.

Ta ukun na rataya ta a ƙarfen rufin shago, na ɗaga wani injin niƙa da aka kawo gyara, na bar shi a rataye ina jiran a kawo mini kayansa daga Maraɗi. Kwana na uku, bayan azahar, ina zaune a bakin ƙofa ina shan fura, sai na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara, sannan injin ya daki ƙasa har ƙwaryar ta tuntsure. Ba kowa a shagon. Ba iska, ba wanda ya taɓa. Na tsinci guntun ƙugiyar na duba: ko kaɗan ba ta miƙe ba, ta rabu biyu ne kawai a cikin lanƙwasarta, bakin karayar fari mai tsakuwa-tsakuwa kamar sukari. Na san fuskar nan. Ita na gani a amalanken Maijirgi. Sai na tuna cewa injin nan bai fi gugan jiƙaƙƙen yashi nauyi da wani abin kirki ba, kuma 'yar'uwar wannan ƙugiyar kwana uku ke nan tana hawa da sauka bisa kan Nomau.

Na kira wayarsa ba ta shiga. Na kira ta ƙanensa Idi, wanda ke shugabantar masu jan igiya, ita ma haka, don a ƙauyen sai an hau tudu ake samun rezo waya ta kama. Ko shagon ban rufe ba. Na ari moto, babur ɗin maƙwabcina tela, na sa guntun ƙugiyar a aljihu, na kama hanya.

Wanda bai taɓa leƙa rijiya ana haƙa ba, ba zai gane abin da ke cina ba. Mutumin da ke ƙasa ba shi da inda zai kauce. Faɗin wurin bai fi ya miƙa hannuwansa biyu ba. In ya cika guga ya girgiza igiya, gugan zai tashi daidai saman kansa, ya yi ta tafiya har gaba talatin, shi kuwa yana tsugune a ƙarƙashinsa yana haƙar na gaba. Tsakuwa ma in ta faɗo daga baki takan fasa kai. Ina tuƙi ina lissafin guga nawa ke fita kafin mutum ya sha ruwa ya huta, ina ninkawa da kwana uku. Bayan Kanan-Bakashe hanyar ta zama yashi zalla, na faɗi sau biyu, na ƙone ƙauri ban ma ji ba. Duk inda na hango mutane sun taru a gindin itace sai in ce shi ke nan, zaman makoki ne. Da na doso ƙauyen na kashe moto na tsaya, ba don kome ba sai don in saurara ko zan ji kukan mata. Ban ji ba, sai dakan turmi.

Na isa bakin rijiyar na tarar ana jan guga. Itace uku a kafe, puli a sama, wato 'yar ƙafar da igiya ke bi ta kanta, Idi da mutum uku suna tafiya da igiya a kafaɗa. Na buɗe baki zan ce su tsaya, sai na kama kaina. In suka tsaya kwatsam igiyar za ta fizga, in suka firgita suka saki ya fi muni, mayar da shi ƙasa kuma tafiya ɗaya ce da fito da shi. Ba abin da zan iya sai kallo. Na durƙusa a bakin rijiyar ina bin igiyar da ido tana shiga puli, tana ƙara, ruwan laka na ɗiga daga gugan yana komawa ƙasa. Can cikin duhu ina jin Nomau yana 'yar waƙarsa yana sara. A rayuwata ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Sai ga farin ƙugiyar ya fito cikin haske, gugan na lilo a ƙarƙashinta. Aka jawo shi gefe aka sauke. Na faɗa kansa na rungume ƙugiyar da hannu biyu.

Idi ya ɗauka rasuwa aka yi a gida. Na ce kowa lafiya, ƙugiyar ce ba za ta ƙara sauka ba, a kwance ta a ɗaure igiya kai tsaye. Ya ce ƙullin ya jiƙe ya ciza, sai dai a yanke, igiya kuwa ba tasu ba ce, ta gari ce. Na nuna masa guntun da ke aljihuna, ya ce wannan tawa ce ta karye, tasu kwana uku tana aiki lafiya lau. Ba ni da hujjar da zan ba shi, ban san sunan ciwon ba, abin da na sani kawai uku na tsoma a ruwa ɗaya. Mutanen gari suka fara taruwa. Sai muryar Nomau ta taso daga ƙasa tana amsa kuwwa:

"Wa ya riƙe mini guga?"

Idi ya leƙa ya ce Sha'aibu ne ya zo daga Tasawa, wai ƙugiya za ta karye.

"Ku ce mai in kuɗinshi yake so ya jira in hito. In kuwa tsoro yake ji, ya matsa baya, rijiya ba wurin wasan makaho ba ce."

Aka yi dariya. Na ce wa Idi in dai da ƙugiyar nan za a mayar da guga, sai dai su saukar da ni tare da ita, kuma ban sake ta ba. Da ya ga da gaske nake, ya yi tsaki, ya zaro wuƙa ya yanke. Aka ɗaure sanda a bakin igiyar aka sauke, Nomau ya hau ya fito, jikinsa duk laka. Ya karɓi ƙugiyar, ya tofa mata yawu ya goge da yatsa, ya juya ta a rana ta kowane gefe. Ba tsaga, ba alama. Ya ɗaga ta sama don kowa ya gani, ya ce su shaida, ga maƙerin da ya bi ƙarfensa har daji don yana tsoronsa.

Na karɓe duka biyun na dawo. Na sayi gawayi da kuɗin da ya kamata ya zama na cefane, na fitar da kazar, na ƙera masa wasu ban ba su tauri sosai ba, na binne, na rataya musu nauyi kwana uku, na aika. Ya gama rijiyarsa lafiya. Amma labarin ya riga ni zuwa ko'ina. A kasuwar Mayahi wani ya tambaye ni ko ni ne wanda bai yarda da aikin hannunsa ba. Wasu masu amalanke suka koma wani shago. Nomau kuwa ba suna ba ɗaurin aure da bai ba da labarin ba, yana kwaikwayon yadda na rungume ƙugiya kamar mai jego. Nakan yi dariya tare da su. Ƙugiyar da ta yi aikin na rataya ta a ƙusa, tare da guntun tawa, shekara da shekaru ban gwada ta ba. In na gwada ta ƙi karyewa, wawa ne ni kamar yadda suka ce. In ta karye, saura kaɗan in kashe ɗan'uwana. Ba wanda nake son in sani a cikin biyun.

Wata ƙofar gida da na like ita ta haɗa ni da Alhaji Mutari. Injiniya ne ɗan garin nan, ya yi aikinsa a ma'adinan arewa, ya yi ritaya ya dawo. Yana jiran aikinsa ya ga ina tono ƙarfe daga toka, ya tambayi wa ya koya mini. Na ba shi labarin Baba Illo da na ƙugiyoyin, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce akwai wata iska a cikin ruwa, idrojen ake ce mata, wadda ƙanƙantarta ta kai ta ratsa ƙarfe kamar yadda ruwa ke ratsa yashi. Ruwan batir in yana cin ɓawo yakan sake ta, baget mai danshi ma haka. In ta shiga ƙarfe mai tauri kuma aka ɗora masa nauyi, sai ta riƙa tafiya a hankali tana taruwa daidai inda ya fi wahala, ta buɗe 'yar tsaga, ta sake taruwa a bakin tsagar, ta ƙara. Shi ya sa abin ba ya faruwa a ranar farko. Zafin toka kuwa korar ta yake yi kafin ta yi ɓarna.

Ya ce kada in ɗauka ciwon talaka ne. Uraniyom ɗin da ake haƙowa a ƙasar nan, in an kai shi tashoshin lantarki na ƙasashen waje, cikin wasu siraran bututu ake dura shi, kaurinsu bai fi yatsa ba, na wani ƙarfe mai tsada da ake kira zirkoniyom. Suna shekaru cikin ruwan zafi, su ma suna shan iskar nan kaɗan-kaɗan. A cikinsu ma har daskarewa take yi ta zama 'yan ɓawo masu gautsi, su jeru a bakin ƙarzane, su fashe, tsagar ta matsa gaba, wasu su sake jeruwa. Ya ce akwai masu ilimin da ba su da wani aiki duk rayuwarsu sai gadin wannan, kuma su ma ba sa barci da ido biyu rufe. Na ji wani iri, na tuna tsohon da na yi ta raina duronsa a zuciyata.

Sai ya nuna ƙugiyar da ke ƙusa ya ce mu buɗe ta mu gani. Na ce a bar ta. Ya ce tsagar da aka yi tun wancan lokaci ta yi baƙi yanzu, sabuwa kuwa fara za ta fito, ƙarfen da kansa zai faɗi gaskiya. Na matse ta a eto, mamatsin ƙarfen da ke kan teburin aikina, na ɗauki ƙaramar guduma. Bugu ɗaya na yi mata. Ta rabu. Fiye da rabin bakin karayar baƙi ne ƙirin, tsohon ciwo. Farin da ya rage, wanda shi kaɗai ya riƙe gugan nan ina durƙushe ina kallo, bai kai faɗin farcen ɗan yatsana ba.

Ranar kasuwar Kanan-Bakashe na je wurin Nomau, don can yake zaune yanzu. Ya daina shiga rijiya, gwiwa ta hana, yana zaune a ƙofar gida da mutane biyu. Da ya hango ni ya gyara zama, ya fara ce musu ga mutumin nan da yake ba su labari. Na buɗe hannunsa na sa masa rabin ƙugiyar. Ya gane ta. Ya kai ta kusa da ido, ya bi baƙin da babban yatsa har ya iso ga farin. Na gaya masa abin da baƙin yake nufi da abin da farin yake nufi.

"Wanga kaɗai ya riƙe?"

"Shi kaɗai, da ikon Allah."

Sai ya rufe hannunsa a kan ƙarfen, ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ranar nan guga biyu sunka rage mini, sannan ni in hito bisanta."